Fuskar Yaya da Zaɓen Amurka

Daga Allah muke, kuma Yaya ya riga mu komawa gare Shi. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a farkon shekarar 1969, saura 'yan makonni alhazai su cika gari. Bayan azahar aka yi masa salla a Harami, muka kai shi makwancinsa.

Kwana uku muna jera kujeru a lungunmu na Utaibiyya, ana zagayawa da gahawa, kamar yadda ake zaman makoki a nan Makka. Ni ne a kujerar farko. Jama'a sun zo sosai, amma da na kasa kunne sai na gane yawancinsu saboda ni suka zo. Wani ɗan kasuwa Balarabe ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya girmama ladanka, ya wakil." Yana juyawa na ji ya tambayi na kusa da shi a hankali, wai wane ne ya rasu. Aka ce masa wan wakili ne. Wani alhaji da ya zo da wuri daga Kano ya ce mini, "Alhaji, wallahi ban san kana da wa ba. Allah ya ba ka haƙuri. Wasiƙun nan naka kuwa, in sun iso har mutane muke tarawa a karanta musu." Na ce amin. Ban gaya masa wanda ya rubuta wasiƙun ne muka binne ba.

Mutum ɗaya ne bai miƙa wa kowa hannu ba, wato wanzamin unguwarmu, tsohon abokin Yaya. Ya wuce kujerun duka, ya je ya zauna a ƙasa a bakin ɗakin baya inda Yaya yake aiki. Da na je ɗaga shi sai ya ce, "Bar ni nan. Da wa zan yi gardama yanzu?"

Shekara goma sha biyar Yaya ya ba ni. Ina ɗan shekara huɗu iyayenmu suka taso da mu daga Kano da ƙafa, za su aikin haji. Mahaifiyarmu ta rasu kafin Abeshe, mahaifinmu a Fashir. A ƙasar Sudan agana ta kama Yaya, aka ware shi a wata bukka bayan gari, ana tura masa abinci da sanda. Ya tashi, amma ta bar masa zanzana fal fuska, da hakiya a idon hagu. Da wannan fuskar ya goyo ni har Sawakin, muka tsallako teku. Ni da ita na san shi, ban taɓa ganin wata ba.

Duk inda zai zauna sai ya sa ɓangaren hagunsa ya fuskanci bango. Ko a Harami akwai ginshiƙin da ya saba raɓawa. Ba ya cin abinci a kasuwa. In an sayo wake da gurasa da safe sai ya shiga da nasa ciki. Amma in ya buɗe baki kowa shiru yake yi. Yana jin Larabci kamar ɗan gari, yana rubuta ajami mai kyau, kuma ya san gidajen da alhazai ke fitowa daga Kano zuwa Katsina har jikokinsu. Shi ya sa maigidanmu, muɗawwifi, wato mai karɓar alhazai ya saukar da su ya yi musu jagora, ya ajiye shi a ɗakin baya shekara da shekaru yana rubuta wasiƙu da jerin sunaye. Ni kuma aka sa ni a ƙofa ina tarbar baƙi, saboda ni dogo ne, kuma an ce ina da kwarjini.

Abin da Yaya ya fi so a duniya bayan karatu shi ne rediyonsa. Matarsa ta ɗinka wa rediyon riga ta yadi mai kauri saboda ƙura. In an yi la'asar sai ya murɗa shi, ya bi tashoshin waje, na Larabci da mai Hausa. Yakan ce yana son rediyo ne domin a cikinsa ana barin mutum ya gama magana kafin a yanke masa hukunci.

A shekarar 1960 Amurkawa suka tashi zaɓen shugaba, Yaya ya ɗauki abin kamar a lungunmu za a yi. 'Yan takara biyu ne. Ɗaya mataimakin shugaba ne, ya shekara takwas a cikin aikin. Ɗayan sanata ne, ɗan masu kuɗi. Yaya ya bi fassarar jawabansu, ya ce na farkon ne ya san abin da yake faɗa, kuma shi zai ci.

Wata Juma'a da safe muna shagon wanzami, Yaya yana kan kujera, sai wanzami ya ce, "Malam, ka sha jin mutanen nan naka. Yau zo ka gan su." Ya zaro wata mujallar Masar daga ƙarƙashin tabarma. Daga Jidda ake kawo masa, yana ɓoyewa saboda masu cewa hoto haramun ne. Ya buɗe, ya ɗora bayan aska a kan hoto na farko.

"Dubi gashi. Dubi haƙora. Wannan ko barci yake yi za a ce yana tunanin talakawa." Ya matsar da askar kan na biyu. "Wannan kuwa na san irin gemunsa. Ka aske shi da safe, kafin la'asar ya sake yin duhu kamar bai wanke fuska ba. Ga ido a zurme. Ba za su zaɓe shi ba."

Yaya ya ce, "Shugaba za su zaɓa ko ango?"

"Ni dai shekara talatin ina riƙe kawunan mutane. Na san wanda ake tashi a ba wa kujera in ya shigo."

"Ai ba a shagonka za a yi ba. Ƙasa ce ta masu karatu. Za su saurari hujja."

"Saurare ya wuce, Malam. An ce sun tsayar da su biyun a gaban wani akwati, talabijin, kamar rediyo ne amma yana nuna mutum. Duk ƙasar tana kallonsu daga cikin gida. Naka yana magana yana share gumi."

A lokacin babu wanda ya taɓa ganin akwatin nan a cikinmu. Yaya ya ce, "Har gumin ake gani?"

"Har gumin."

Wanzami ya ci gaba da askin.

A cikin makonnin nan ne maigida ya kira mu. Nijeriya ta sami 'yanci, alhazai za su ƙaru, yana son wakili da zai riƙa zuwa Kano duk shekara yana magana da mutane da sunansa. Wanda aka zaɓa, maigida zai tsaya masa a ba shi takardar fita da dawowa. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane girman wannan ba. Mu da muka zo da ƙafa ba mu da takardar komai. In ka fita, ba ka da tabbacin za a bar ka ka dawo wurin iyalinka, saboda haka ba ka fita. Yaya ya shekara talatin da wani abu tsakanin duwatsun nan, iyakarsa Mina da Arfa. Kuma akwai wadda ke jiransa a Kano, Gwaggonmu, autar su mahaifinmu, wadda ta yi renonsa.

Maigida ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba. Ya tara dattawan Hausawa bakwai a falonsa, ya zaunar da mu biyu a gabansu. Ranar ana zafi. Ni na ari alkyabba mai bakin zare na yafa. Yaya ya zo da farar rigarsa ta kullum, da tabon tawada a hannun dama. Falon ba shi da bangon da zai raɓa, taga kuma tana haska shi sosai.

Suka yi tambayoyi. Ta ina ake bi da takardun masu zuwa ta mota, wa ake gani in alhaji ya rasu a hanya, me za a ce da wanda ya zo da tsohuwa marar lafiya. Yaya ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, gumi yana taruwa a ramukan fuskarsa yana sharewa da gefen rawani. Na lura dattawan suna sauraronsa ne idanunsu a kan darduma. Da aka zo kaina na ce, "Abin da Yaya ya faɗa haka yake, in sha Allahu za mu yi ƙoƙari." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Suka ɗago suka dube ni suna gyaɗa kai.

Babban cikinsu ya ce, "Ilimi dai na Malam ne, babu musu. Amma wakili shi ake fara gani. In mutanen gida suka ga wannan, hankalinsu zai kwanta su ba shi iyayensu."

Shida suka bi bayansa. Maigida ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Malam. Kai ne kan, shi ne fuskar. Duk gida ɗaya ne."

A nan ya kamata in tashi in ce ban karɓa ba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma alkyabbar ta zauna mini daidai, mutane bakwai suna kallona da fara'a, sai na sunkuyar da kai na ce na gode.

Washegari da safe ya miƙo mini takarda shafi uku. Ya ce, "Auta, ga abin da za ka faɗa in ka isa. Haddace shi. Inda na ja layi, ka tsaya ka dube su. Suna son ka dube su."

Kwana kaɗan bayan haka rediyo ya faɗi sakamakon Amurka. Mai gashin ne ya ci, da ƙyar. Wanzami bai yi dariya ba, bai ma tayar da zancen ba, amma Yaya ya daina zuwa shagonsa. Ya koma aske kansa da kansa, yana fitowa da yanka a ƙeya. Wanzami ya tare shi a bakin masallaci ya ce, "Malam, me na yi maka? Ni na zaɓe shi?"

Yaya ya ce, "Ba ka yi komai ba. Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ba na son ganinka."

Sun fi shekara a haka. Abin da ya shirya su ba sulhu ba ne. Hannun wanzami ne ya fara rawa, ya yanki wani a kunne, labari ya bazu, mutane suka koma wurin wani sabon mai aski a unguwar Zahir. Da Yaya ya ji, ranar Juma'a ya tafi shagon, ya ja kujerar ya fito da ita bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani. Mutumin da ba ya cin abinci a kasuwa ya zauna a tsakiyar rana, ya cire rawani, ya miƙa wuyansa ya ce, "Bismillah. Har gemu." Haka ya riƙa yi duk Juma'a, sai da tsofaffin unguwa suka ji kunya suka dawo.

Ni kuwa ina ta zuwa Kano. Ana tara mini mutane a zaure, in karanto abin da na haddace, in tsaya inda aka ja layi. In wani ya yi tambayar da ba ta cikin takarda sai in yi murmushi in ce zan duba in aiko da amsa, amsar kuma ta zo da rubutun Yaya da sunana a ƙasa. Ban taɓa kwana a Kano ba tare da tsoron a gano ni ba. Na so in bari, amma in na bari takardar fita ta tafi, kuma ba Yaya za a ba ba.

Ranar da aka harbe shugaban nan mai gashi, shekara uku da hawansa, na ɗauka Yaya zai ce wani abu game da ƙaddara. Sai na same shi ya kashe rediyo yana zaune, idonsa mai gani ya yi ja. Ya ce, "An ce a buɗaɗɗiyar mota yake. Dole ne su buɗe ta, tunda ganinsa aka zo yi. Ashe shi ma ba shi da wurin ɓuya." Sannan ya dube ni ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Tun daga ranar ya daina ba ni takarda kawai. Yakan zaunar da ni ya bayyana mini dalilin kowace magana, ko zan iya tsayawa da ƙafata. Na koyi kaɗan.

Duk zuwana sai Gwaggo ta ce in kawo mata shi, in ba zai yiwu ba ko hotonsa. Duk dawowata sai in faɗa masa, ya ce babu hali. A zuwa na biyar ta kama haɓata ta juya ni wajen haske ta ce, "Kai kam ba ka bar masa komai ba. Ranar da kuka tafi haka yake, har wannan hancin. 'Yan mata har leƙowa suke yi ta katanga in zai wuce." Ba ta san da aganar ba. A duk wasiƙun da ya aika mata bai taɓa rubutawa ba, ni kuma ban iya faɗa ba. Sai da na fito daga ɗakinta na gane. Shekara arba'in Yaya yana duban fuskarsa a jikin wani, yana wanke ta, yana ciyar da ita, har ya rubuta mata abin da za ta faɗa.

Sai a 1968 na yi ƙarfin halin roƙon maigida ya tsaya wa Yaya shi ma. Ya amsa nan take, ya ce ai da na yi magana tun tuni. Wannan amsar ta fi mini ciwo a kan a ce ya ƙi. Saura hoto kawai, Yaya ya ce a dakata.

A shekarar ne mutumin nan da ya faɗi zaɓen Amurka ya sake tsayawa takara, ya kuma ci. Wanzami ya zo har gida da mujalla, don lokacin tari ya fara kwantar da Yaya. Ya ce, "Malam, naka ya ci. Amma dube shi. An shafa masa hoda, an koya masa murmushi. Kuma an ce wannan karon bai yarda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowa a gaban akwatin ba."

Yaya ya daɗe yana duban hoton. Ya ce, "Shekara takwas ina jiran ranar da zan ce maka ni na yi gaskiya. Ga shi ya ci, kuma har yanzu kai ne mai gaskiya." Ya mayar masa da mujallar, ya juyo gare ni. "Auta, takardar nan, hoto nawa suke so?"

Na kai shi wurin wani mai hoto a kasuwar Zahir. Aka zaunar da shi gaban baƙin ƙyalle, aka haska masa fitila. Mai hoto ya ce ya ɗan juya gefe. Yaya ya ce, "A'a. Gaba da gaba."

Bayan kwana uku na je karɓa. Mai hoton ya miƙo mini yana murna ya ce, "Saboda kai na yi masa aiki na musamman, ya wakil." Ya bi fuskar da fensir mai tsini, ya cike kowane rami, ya sa wa idon hagu ƙwayar baƙi. Wani dattijo ne mai santsin kumatu, kyakkyawa. Na rasa yadda zan yi, na kai wa Yaya haka.

Ya kai shi kusa da idonsa, ya nisantar, ya sake kusantarwa. Ya ce, "Ashe haka zan tsufa."

Muka je ofishin takardu duk da haka. Ma'aikacin ya dubi hoton, ya dubi Yaya, ya dube ni, ya turo mini shi ya ce, "Wannan naka ne. Ina nasa?" Na yi bayani, ya ce ba zai buga hatimi a kan hoton da bai yi kama da mai shi ba, a kawo wani bayan haji, yanzu aiki ya yi yawa. Da muka fito Yaya ya zauna a kan dakali yana haki. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Wannan ne mutum na farko da ya nemi tawa fuskar." Daga ranar bai sake fita ba sai a makara.

Da aka share makoki na koma wurin mai hoton, na ce ya wanke mini na asali, wanda bai taɓa ba. Ya ce ai a jikin asalin ake yin gyaran, babu wani. Ya yi mamakin abin da ya sa nake so.

Bayan haji zan tafi Kano. Gwaggo tana nan da rai, kuma zan gaya mata komai, da bakina, ba daga takarda ba. Ga wanda bai san shi ba kuma, tunda babu hoto, bari in faɗa. Goshinsa faɗi ne da shi, zanzanar ta fi yawa a kumatun hagu, har ta cinye rabin girarsa. Gefen hancinsa ya ɗan lotsa. Idon hagu fari ne fat, na dama ƙarami ne mai kaifi, in yana sauraronka ba ya ƙiftawa. Gemunsa ba ya fitowa a wurare uku. In zai yi dariya leɓensa na sama yakan ja gefe ɗaya, sai ya sa hannu ya rufe, amma wani lokaci yakan manta.

Wannan ce fuskar da ta goyo ni daga Fashir, ita ce ta yi sujada a Harami shekara arba'in da ɗoriya. Wanda ya karanta wannan ya roƙa mata gafara. Allah ya haskaka ta, ya yalwata masa inda ya kwanta, ya ba shi wurin da ba zai nemi bango ba.